Dutsen Taimamar Kakana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kusa raba kakana da dutsensa ba, kuma da bakina kawai.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, inda na karanta ilimin duwatsu. Aikina na shekarar ƙarshe a kan duwatsun da ke faɗowa daga sama na yi shi, yadda ake raba su gida-gida ta hanyar auna yadda suke amsa maganaɗisu. Akwai masu ƙarfe da yawa a ciki, akwai masu kaɗan, akwai masu kaɗan ƙwarai. Ina zaune a gida Jibiya ina jiran aiki, babu wanda ya taɓa tambayata abin da na karanta (wataƙila wannan ne ya cuce ni).

Kakana yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ruwa kuma yana tayar masa da ciwo, don haka taimama yake yi. Dutsen taimamar wani baƙi ne mai nauyi, da ya ce a gabansa ya faɗo gonarsu ta Farfaru yana saurayi. Ran nan Goggo Hajara, ƙanwar babana, ta tsallako daga Maraɗi dubiya, limamin unguwarmu ma yana ɗakin. Kaka ya dube ni ya ce, “Mai digiri, sun ce ƙarya nake. Duba mini wanga dutse.”

Babu na'urar awo a gidanmu. Na ɓalle mayen ƙarfe daga wata matacciyar rediyo, na ɗaura masa zare, na matso da shi a hankali. Tun bai isa ba ya fizgi zaren ya manne. Raina ya yi fari. Na ce, ba zan iya tabbatarwa ba, amma bisa dukkan alamu daga sama ya zo, kuma mai yiwuwa ɗan gidan masu ƙarfe da yawa ne.

Na zaci za a yi murna. Kaka ya daina murmushi.

“Ƙarfe kac ce?”

Sai ya juya wajen liman. “Malam, ana taimama da ƙarfe?”

Liman ya ce in dutse ne babu laifi, in kuwa ƙarfe ne akwai magana. Sannan ya dube ni. “Kai ne masani a nan, ɗana. Dutse ne ko ƙarfe?”

Amsar tana bakina. Duk gidajen nan da na lissafa, duwatsu ne. Mai ƙarfe da yawan ma, akasarin jikinsa dutse ne, ƙarfen ɗigo-ɗigo yake a ciki kamar tsakuwa a gero. Amma an horar da ni kada in faɗi abin da ban auna ba. Sai na ce ya danganta. Na ce mayen rediyo ba abin dogaro ba ne, sai an kai ɗakin gwaji, a auna nauyi, wataƙila a yanki ɗan gefe. Na yi ta bayani, muryata tana gasa da ƙugin manyan motocin da ke layin tsallaka iyaka.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Goggo ta tura masa dutsen kamar yadda ake yi masa kullum. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ture shi.

“Kawo mini buta, Hajara. Sallolin baya kuma, Allah ya yafe mini.”

Sai a lokacin na fahimci abin da na yi. Ni ina kare sunana ne kada a kama ni da kuskure, shi kuwa yana lissafin sallolin shekarun da ya yi a kwance.

Goggo ba ta ɗauko butar ba. Ta tsare ni da ido ta ce, “Kai, ko rijiya ka faɗa aka tambaye ka ko ruwa ne, cewa za ka yi sai an kai gwaji. Tsoho ya tambaye ka abu guda.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa, na ɗauki dutsen, na cire mayen da har lokacin yake manne a jikinsa.

“Dutse ne, Kaka.”

“Babu wataƙila?”

“Babu.” (Sai da na cije leɓe, don saura ƙiris ta fito.)

Liman ya ce to shi ke nan, sallarsa ta yi. Kaka ya ɗora tafinsa a kan dutsen ya yi bismillah. Da ya idar da sallar ya ce wa Goggo, “Kuma ya yarda daga sama ya zo. Ki shaida.”

Ya rasu kafin damina ta zagayo. Dutsen yana wurina, kuma har yau ban kai shi gwaji ba, ko da yake yanzu ina da hanyar yin hakan. Ban daina cewa wataƙila ba, matata ma shaida ce. Sai dai yanzu, kafin in buɗe baki, nakan duba ko mai tambayar yana da salla a gabansa.