Ranar Da Na Je Karɓar Bashi Wurin Surukina

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da zuwana Ajingi a watan farko na manajanci ba. Kamfaninmu na Kano yana ba diloli taki su biya bayan kaka, ni kuma aka ɗora ni kan sashen da ke bin kuɗin, amma na gwaji. Sai shugabar sashen kuɗi, Hajiya Rabi, ta gamsu za a tabbatar min da kujerar.

Da kanta ta ce za ta raka ni wurin wani dila da ya daɗe yana mana yawo da hankali. Sunan shagonsa kawai na sani a kwamfuta. Tun daga Gaya nake cika mata baki, wai ni a wurin aiki ko ubana ba na ragawa (Allah Ya yafe min, har da buga ƙirji).

Muna shiga shagon sai ga Baba Sule a kan tabarma, ƙanin mahaifin matata, wanda ya yi mata walicci, ashe shi ne dilan. Wallahi ban san sanda na cire takalmi ba. Na tsugunna da kwat ɗina, kai a ƙasa, na gaida shi, na gaida iyali, na tambayi gona, har shanu sai da na tambaya. Hajiya na tsaye tana jiran in fara.

Ya ce, "Lafiya dai, ɗana? Me ke tafe da ku?"

Na ji bakina ya ce, "Gaisuwa muka zo, Baba."

Da ma a nan na tsaya. Amma wa ke zuwa gaida suruki hannu rabbana? Na laluba aljihu, na tura masa kuɗin goro ƙarƙashin tabarma. Ya yi ta sa min albarka, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Muka kamo hanyar gida har muka wuce garin Balan. Sannan Hajiya ta ce, cikin ruwan sanyi, ta ga masu dawowa ba ko kwabo, amma mai ƙara wa dila jari yau ta fara gani. Direbanmu ya yi ta tarin ƙarya.

An ƙara min wa'adin gwaji, aka kuma ba wani ma'aikaci bin bashin Ajingi. Baba Sule kuwa har gobe yana gaya wa dangi ba a taɓa yin suruki mai tarbiyya irina ba. Na dai koyi darasi: in za ka yi wannan aikin, ka auro daga garin da ba a noma.