Kilowat Biyar a Allo, Jarka Ɗaya a Gida

Jiya da hantsi matata Haulatu ta miƙo mini jarkoki biyu, ta ce tunda ni na fi kowa tafi ranar da aka buɗe rijiyar burtsatsen unguwarmu, yau sai in je in ɗebo abin da na tafa wa. Ban yi musu ba, don kuwa na tafa ɗin. Na ɗaure jarkoki a bayan keke na nufi bakin famfo.

Jarka goma sha ɗaya na tarar a layi. Ruwan na zuba siriri kamar ana tsiyaya man gyaɗa a kwalba. Sai da aka kira azahar tawa guda ta cika, ɗayar kuma na mayar da ita gida yadda na fito da ita.

Ga wanda bai san zancen ba, makonni uku da suka wuce ne masu girma 'yan Kwamitin Shayar da Talakawa, Allah Ya ƙara musu sanyin ofis, suka kawo mana rijiya mai aiki da hasken rana a nan bayan garin Kankia. An kafa rumfa, an yi jawabi har guda bakwai, an murɗa famfo ruwa ya yi tsalle ya jiƙa babbar rigar babban baƙo. Tsohuwar rijiyarmu ta guga kuwa, wadda ta shayar da kakannina, suka sa aka cike ta da ƙasa, wai tana ɓata hoto. A gurbinta aka kafa allo mai rubutu manya-manya: ƙarfin wuta kilowat biyar, ruwa lita dubu ashirin a rana.

Ina tsaye a layin ne Gwaggo Murja mai ƙosai, wadda ta haura saba'in, ta dube ni daga inda take zaune kan bokitinta.

"Sada, kai da ka yi boko, wanga dubu ashirin da suka rubuta, jarka nawa ke nan?"

Na ce jarka lita ashirin da biyar take ci, don haka ɗari takwas.

"To ni ɗaya nike nema tun da sahe. Kwana ukku ban jiƙa wake ba."

Maƙwabcina Kabo, mai gyaran janareto, yana jin mu. Sai ya je shago ya ɗauko tsani ya hau inda aka jera farantan sola, ya leƙa bayansu. Da ya sauko sai ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke.

"Malam Sada, faranti huɗu ne. Kowane an rubuta mashi wat ɗari biyu da hamsin. Nawa ke nan?"

"Dubu ɗaya."

"Wat dubu shi ne kilowat guda. To ina sauran huɗun?"

Na ɗaga kai na duba sama, ko suna can ban gani ba.

Kabo ya ce bai gama ba. Injin da aka zura cikin ramin, shi ya taya su kama igiya ranar da aka sa shi, mai ƙarfin doki biyu ne. Doki guda a lissafinsu na makanikai kusan wat ɗari bakwai da hamsin ne, biyu kuwa dubu da ɗari biyar. Wato injin yana neman dubu da ɗari biyar, ana ba shi dubu, shi ma sai rana ta take tsaka kuma ba ƙura a kan farantan. Muka sa agogo: minti ashirin jarka ke cika. Uku a awa. Awa shida na rana mai ƙarfi, jarka goma sha takwas. Lita ɗari huɗu da hamsin ke nan, ga unguwa mai gida fiye da ɗari.

Na ce to ruwan da ya jiƙa babbar riga fa? Kabo ya ce ai kwana ɗaya kafin biki tankar ruwa ta zo ta cika tankin rijiyar, ta kuma fake a bayan katanga tana ƙarawa har baƙi suka watse.

Yau da safe ni da shi muka sa kayan Juma'a muka tafi ofishin kwamiti. Bayan mun ɗumama benci na awa biyu, aka shigar da mu wurin Mai Girma Sakatare, Garkuwan Masu Ƙishirwa, wanda muka samu da gorar ruwa mai sanyi guda biyu a kan tebur. Na gaishe shi da ladabi, na karanta masa lissafinmu.

Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi irin na malamin da ɗalibai suka ba tausayi.

"Matsalarku ƙaramin sani. Kilowat ɗaya kuka gani, ko? Rana tana yin awa nawa tana dukansa?"

Kabo ya ce biyar zuwa shida.

"Ɗaya sau biyar?"

"Biyar, ranka ya daɗe. Amma wannan kilowat-awa ne, yawan wutar da aka tara a yini. Ƙarfin shi dai yana nan ɗaya. Jakina in ya yi awa biyar yana jan kaya, ba ya zama jakuna biyar."

"Ba maganar jaki muke ba, maganar ci gaba muke."

Na ce to mu bar wuta, mu zo ga ruwa. Dubu ashirin a rana aka rubuta, ɗari huɗu da hamsin muke samu.

"Karanta allon da kyau, Malam. A rana aka ce, ba a ce kowace rana ba. Ranar buɗewa an samu ko ba a samu ba?"

Jama'a, ku tsaya ku jinjina wa wannan bawan Allah. Mu mun sha bulala a firamare kafin mu yarda mita dubu ne kilomita guda. Shi kuwa yana zaune a kujera ya mai da ɗaya biyar, ya mai da yini guda shekara, ko alƙalami bai ɗauka ba. A ma'auninsu, ramin da aka yafa wa tsakuwa sunansa titi kilomita goma. Bencin da aka shafa wa fenti aji shida ne. Da za a ba su awon hatsi a kasuwa, da tiya ta koma murfin kwalba, kuma sai an yi taron ƙaddamar da ita.

Kabo ya roƙi a ƙara mana faranti huɗu kawai, ya ce shi zai ɗaura kyauta. Mai Girma ya ce aikin an riga an kammala shi a takarda, kuma abin da aka kammala ba a ƙara masa komai. Amma za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba ko ranar Kankia ce ba ta kai ƙarfin da aka tsara ba.

Da muka dawo na faɗa wa Gwaggo Murja yadda aka yi. Ta shiga gida ta fito da tsohuwar fartanya, ta je gindin allon nan, inda aka cike tsohuwar rijiya, ta fara sara. Kunya ta kama mazan unguwa, muka karɓe mata. Zuwa la'asar mun haƙa zurfin gaba guda da rabi, Kabo ya ce saura goma sha biyu mu tadda ruwa. Wannan awon na yarda da shi, don da hannunsa ya auna, kuma bayana yana shaida.

Ina cikin shafa man zafi surukina Ashiru ya bugo waya daga Kusada. Wai an sanar za a kawo musu taki tan ɗari kafin damina, yana tambaya tan ɗaya buhu nawa ne. Na ce a littafi buhu ashirin ne. Ya ce to ya ɗauki amalanke ko ya nemi mota? Na ce ya fara tambaya wa zai yi rabon. In mutumin namu ne, aljihun rigarsa ma ya isa, sai dai ya tabbata ya je da wuri.