Satifiket Mai Taurari Biyar

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar rani ba, kuma ko na yi niyyar mantawa matan Kura ba za su bar ni ba. Tun da labarin ya riga ya zaga gari, har ya tsallaka Bunkure an ƙara masa gishiri, gara in ba da shi da bakina. In dariya za a yi, a yi ta a kan abin da ya faru da gaske, ba a kan abin da Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, take rattabawa a gidajen suna ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Kano da diflomar kwamfuta ba, ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Zamanin ne da ake soka ɗan modem a gefen kwamfuta, a danna, a je a ɗora tukunya a dawo shafi bai gama buɗewa ba. Sai ga ƙungiyar mata masu turara shinkafa ta unguwarmu, wadda Hajiya Talatu take shugabanta, ta samu kwamfuta da modem daga wani shiri na tallafa wa manoma. Ba kyauta ba ce, aro ne na gwaji. Sharaɗin shi ne a buɗe wa ƙungiyar shafin intanet, yadda 'yan kasuwar nesa za su same mu kai tsaye ba sai sun bi ta hannun dillalai ba. Bayan wata uku jami'ar shirin, Malama Rabi, za ta zo ta rubuta "shinkafar Kura" a injin bincike. In shafinmu ya fito, kwamfuta ta zama tamu. In bai fito ba, a naɗe ta a kai wa matan Bunkure, waɗanda da ma sun ce su suka fi cancanta.

Wa za a ba wa aikin in ba ni ba? Hajiya Talatu ta kira ni ta ce, "'Yar nan, ga amana. Mu dai ganga da wuta muka sani. Kada ki bari a ɗauke mana abin nan a idon mutane." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai ƙaramin alhaki ne.

Kuma wallahi na yi aiki, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Na bi gida gida na ɗauki hotunan gangunan turara, da shinkafa a shanye a kan tamfol, da buhuna a jere a bakin injin casa. Na rubuta tarihin ƙungiya, na sa kalar kore da ruwan ɗorawa. Da yake ba na son kowa ya ga aikina rabi da rabi, tun ranar farko na danna wani ɗan akwati da yake ɓoye shafi daga injunan bincike har sai an gama gini. (Na ce a raina ranar da na gama zan cire. Ranar da na gama kuwa murna ta sa ko ta kansa ban bi ba.)

To, akwai manhajojin da aikinsu shi ne su binciki shafi, su gaya maka abin da zai hana injin bincike ganinsa ko sa shi a sahun gaba. A makaranta an nuna mana su a gurguje. Saura sati biyu Malama Rabi ta zo na ce bari in zaɓi ɗaya, wadda zan dogara da ita in kuma nuna wa jama'a sakamakonta. Uku na gwada.

Ta farko ina ba ta adireshin shafinmu ta zazzago min jerin laifuffuka da jan rubutu. Hotuna sun yi nauyi, shafuka ba su da take, babu bayanin da injin bincike zai karanta, kaza da kaza. Ji na yi kamar uwar miji ta shigo ɗakina tana goga yatsa a kan kabad. Wata biyu da rabi ina wahala, sannan wata aba da ko Kura ba ta taɓa zuwa ba ta ce ban iya ba? Na rufe ta ban ko kai ƙarshen jerin ba.

Ta biyu sai da na sauke ta a kan kwamfutar, ta cinye min yini guda da man janareto. Ita shafi shafi take bi, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a faranti. Da ta gama ta kawo nata jerin, amma a samansa ta sa layi ɗaya da manyan baƙaƙe, wai an rufe wa injunan bincike ƙofar shiga wannan shafi. Na yi tsaki. Ni da nake buɗe shafin da hannuna kullum ina ganinsa da idona? Nan take na yanke hukunci cewa manhajar ba ta saba da sabis ɗin ƙasarmu ba ne, shi ya sa take sambatu.

Ta uku kuwa, kai! Ina danna mata adireshi, kafin in gyara zama ta kawo amsa. Taurari biyar reras, masu ƙyalli, da rubutu a ƙasa cewa shafinmu yana cikin zaɓaɓɓu. Har da tambarin da za ka manna a shafinka, da satifiket da za ka buga. Na ce yawwa, ga mai hankali. Ita na zaɓa, kuma kafin wani ya ɗaga min hanci, ina so ya dafa ƙirjinsa ya ce bai taɓa barin mai gaya masa gaskiya ya koma wajen mai yabonsa ba.

Kada ku ce ban gwada neman shafin da kaina ba. Na gwada, bai fito ba. Sai na gaya wa kaina cewa injin bincike yana ɗaukar lokaci, kuma shafin da yake da taurari biyar dole ya fito kafin ranar. Na hau acaɓa na je bakin titi aka buga min satifiket ɗin mai kala, aka rufe shi da roba don kada ruwa ya taɓa shi. A hanyar dawowa ta gefen kanal ɗin ban ruwa, rungume da shi na zo.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar gidan Hajiya Talatu. Mata sun cika, wasu ko hannu ba su gama wankewa daga bakin ganga ba. Malama Rabi ta iso, tare da wasu mata biyu daga Bunkure, wai rakiya suka yo. (Rakiya da babbar jakar da kwamfuta za ta shige ta zauna daram.) Aka tayar da janareto, na tsaya na yi jawabi. Har da cewa daga yau duniya za ta san Kura. Allah ya yafe min.

Malama Rabi ba mai yawan magana ba ce. Ta zauna ta rubuta "shinkafar Kura", muka jira. Abubuwa suka fito, babu namu. Ta duba shafi na biyu, na uku, na huɗu. Ta rubuta cikakken sunan ƙungiyarmu. Babu. Ɗaya daga cikin matan Bunkure ta fara gyara bakin jakarta.

Nan ne ya kamata in yi shiru. Maimakon haka na zaro satifiket na ɗaga sama yadda kowa zai gani. Na ce, "Malama, matsalar daga injin binciken take. Shafinmu an auna shi, ga shaida, taurari biyar ya samu."

Hajiya Talatu, wadda ko harafin boko ɗaya ba ta sani ba, ta karɓi takardar ta jujjuya ta. Ta ce, "Wa ya auna?"

Na ce, "Manhaja ce, Hajiya. Kamar ma'auni take."

Ta ce, "To, shi ma'aunin kin gwada shi? Ni in na sayo sabuwar tiya ba na auna wa kowa da ita sai na juye ta a tsohuwar da na sani. Wata tiyar an bubbuga gindinta, ido ba ya gani."

Na ce ai wannan ba irin wancan ba ne, wannan ilimi ne. Da bakina na faɗa, a gaban mata sama da talatin.

Ta ce, "Na ji. Ba shi abin da muka san babu, mu ga me zai ce." Ta waiga, idonta ya faɗa kan wata jar akuya da take ɗaure a turke tana cin dusa. "Akuyar can tana da shafi?"

Aka ce ba ta da shi.

"To rubuta masa ita."

Da ina da wayo da na ce sabis ya ɗauke. Amma girman kai ya riga ya hau min ka, na tabbata manhajata za ta ce babu wannan shafi, in juyo in kalli kowa ɗaya bayan ɗaya. Na zauna na ƙirƙiri adireshi da sunan akuyar Talatu, na danna. Sabis ɗin da kullum sai an roƙe shi, ranar ko tari bai yi ba. Taurari biyar suka bayyana reras, masu ƙyalli, ga rubutu a ƙasa cewa shafin akuya yana cikin zaɓaɓɓu, ga satifiket ɗinta yana jiran a buga.

Malama Rabi ce ta fassara wa mata abin da aka rubuta, tana danne dariya. Sai Gwaggo Asabe ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Ayyururui! Akuya ta ci jarrabawa! A kai ta Kano ita ma ta karɓo difloma!" Wuri ya kece da dariya. Wata har da faɗuwa a kan tabarma tana riƙe ciki. Ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ba na fatan in sake.

Da dariya ta lafa, Malama Rabi ta ce ta yi haƙuri amma sharaɗi sharaɗi ne, ta kai hannu za ta zare waya. Ban san lokacin da na ɗora tafina a kan kwamfutar ba.

Na ce, "Malama, ba inda za ta."

Ta ce, "Ƙanwata, kin ga dai abin da ya faru."

Na ce, "Na gani, kowa ma ya gani. Ni ce na yi wauta, ba shafin ba, ba kuma matan nan ba. Ma'aunin gaskiya yana cikin kwamfutar nan, ni na ƙi shi don bai yabe ni ba. Ki zauna ki ji abin da ya ce."

Ban ɗaga hannuna ba. Na buɗe sakamakon manhaja ta biyu, wadda na ce tana sambatu, na fara karanta laifuffukana da ƙarfi ina mayar da su Hausa. Layin farko na karanta, na an rufe wa injunan bincike ƙofa, sai ɗan akwatin nan ya faɗo min a rai. Na shiga na duba. Yana nan a danne, yadda na bar shi tun ranar farko. Wata uku muna zaune a shago mun kulle kanmu ta ciki, muna mamakin rashin ciniki. Na gaya musu haka ba tare da na rage komai ba, na cire alamar a gabansu, na ci gaba da karanta sauran. Hotuna masu nauyi, shafuka marasa take, duka. Gwaggo Asabe tana cewa "oh oh" bayan kowane ɗaya, ban ko kalle ta ba.

Da na kai ƙarshe Hajiya Talatu ta ce, "Malama, in shinkafa ta ƙone ba a jefar da ganga. Yarinyar nan ta faɗi laifinta da bakinta, wanda manya da yawa ba sa iyawa. Ki ba ta lokaci."

Malama Rabi ta ce za ta sake zagayowa bayan wata ɗaya, kuma daga nan babu ƙari. Matan Bunkure suka koma da jakarsu a naɗe, sai dai sun tafi da labarin da ya fi kwamfuta nauyi.

Watan nan ban huta ba. Na rage hotuna, na sa wa kowane shafi take da bayani, na cire tambarin taurarin nan da na manna. Kullum sai na sa manhajar nan mai baƙin baki ta sake bin shafin, tana zagina ina gyarawa. Ranar da Malama Rabi ta dawo ta rubuta "shinkafar Kura", muka fito a shafi na uku, can ƙasa. Ba abin a buga ganga ba ne, amma mun fito, kuma kwamfuta ta kwana a Kura.

Har yau akwai masu kirana Taurari Biyar in na wuce, ina kuma amsawa, don ba sata na yi ba. Abin da na koya dai shi ne, duk wanda ya yi saurin yabona yanzu, mutum ne ko na'ura, ba na godiya tukuna. Sai na fara jin ra'ayinsa game da akuyar Hajiya Talatu.