A Fara Da Manya

Jama'a, shekaranjiya na ɓatar da kawuna. Ba a kasuwa ba, ba a filin jirgi ba. Ina ji ina gani ya hau bas, aka rufe ƙofa aka tafi da shi, aka bar ni a bakin titi da tsohuwa a keken guragu, da mata mai goyo, da tukunyar dafa shinkafa a hammata. Ku gyara zama, don yau raina a ɓace yake kuma sai na amayar.

Tun farkon mako ake maganar wata mahaukaciyar guguwa da ta taso can cikin teku. Masu hasashe suka ce mai yiwuwa ta karkato wajenmu, mai yiwuwa jelarta kawai ta shafe mu, mai yiwuwa ma ta fasa zuwa. Wasu suka yi dariya, wai a Doha da ake shekara ba a ga hadarin kirki ba. Ni ban yi ba. Ɗakunan da nake haya a Madinat Khalifa asalinsu garejin mota ne, mai gidan ya raba da katako ya raɗa musu suna falat. Ƙasansu ya fi titi zurfi. Bara da aka yi wani ɗan ruwa da bai taka kara ya karya ba, a bayan ƙofa na tarar da takalmana suna iyo.

Bana kuma ina da baƙi. Mahaifiyata, Inna Talatu, ta zo a duba mata ƙugu, da ƙaninta Kawu Surajo a matsayin ɗan rakiya. Kawu dai kunnensa ya riga shi yin ritaya, duk abin da ka faɗa masa amsarsa ɗaya ce: "Madalla." Inna kuwa ta san ruwa. Shekarun baya ambaliya ta cinye gidanmu a ƙauye, da zanin jikinta kaɗai ta fita. Da ta ji matata Haulat na karanta labarin guguwa a waya, sai ta kira ni bakin katifarta.

"Wancan karon da ƙafafuna na gudu," in ji ta. "Yanzu in ya shigo ina kwance, wa zai ɗaga ni?"

Na ce, "Ni mana, Inna."

"In kana wurin aiki fa?"

Wallahi tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan.

To amma alhamdu lillahi, mu ba marayu ba ne, muna da shugabanni. Ƙungiyarmu ta 'yan gida tana da Mai Girma Shugaba, Garkuwan Baƙi, Inuwar Masu Iƙama, wato takardar zaman ƙasa. Da jin labari ya kafa Kwamitin Gaggawa. Kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya haifi na tsare-tsare. Kafin ita guguwar ta yanke shawarar inda za ta nufa, su har sun ɗinko riguna masu ƙyalli da kuɗin karo-karonmu, an rubuta muƙamin kowa a gadon baya. Ai dole a yaba. Ranar aiki waɗannan bayin Allah masu gadi ne da direbobi irina, kafil, wato ubangidan da ya kawo su ƙasar, ya ce zauna su zauna. Amma da an sauko Juma'a sai ka ga kafaɗa ta ƙara faɗi, gaisuwa ma sai ta hannun sakatare.

Ran nan da safe Mai Magana da Yawun Shugaba ya saki murya a zauren wasap. An ɗauki hayar bas. An samo wuri mai tsayi a Al Rayyan. Duk mai zama a ɗakin ƙasa ya hallara bayan Azahar a gaban shagon mai shayi. Ya rufe da cewa, "Kuma bisa kyakkyawar al'adarmu, za a fara da manya."

Na ji ƙwalla ta taru mini. Na kunna wa Inna ta saurara, ta ce a sake kunnawa, sannan ta sa musu albarka har da iyayensu. Na roƙi hutun rabin yini, na dawo muka hau haɗa kaya. Haulat na son ɗaukar komai har labule, Inna ba ta nemi komai ba sai carbinta da ledar magani. Kawu ya leƙo ya ga jakunkuna, ya tambaya ina za mu. Na kai bakina kunnensa na kwarara, "Guguwa!"

Ya ce, "Auren wa?"

"GUGUWA, Kawu!"

"Madalla." Ya koma ciki. Can sai ga shi ya fito cikin babbar rigarsa ta shadda mai aiki har ciki, hula ta sha kari, turare na tashi. Ba ni da lokacin gardama, na ce mu je a haka.

A gaban shagon mai shayi muka tarar da layi. Ni da na baro layin mai a gida ina murna, sai ga ni a layin guguwa. Sama ta yi duhu ta gabas, iska na kwasar ledoji tana wasa da su. Bas ta iso an ɗaure mata ƙyalle a jiki, hoton Shugaba ya cinye kusan duka, kalmar "gaggawa" na can gefe sai ka matsa za ka gani. Aka buɗe taro da addu'a. Aka gabatar da manyan baƙi, waɗanda duk mun san su, da wasunsu ma muke cin abinci a faranti ɗaya. Shugaba ya yi jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci, jawabin ya kai mu har kiran La'asar.

Da aka ce a fara shiga, na turo keken Inna gaba. Sakataren Tsare-tsare ya tare ƙofa da hannu.

"Malam Ɗalhatu, ina zuwa?"

"Ranka ya daɗe, an ce a fara da manya."

"Ƙwarai kuwa. Wane muƙami take riƙe da shi?"

"Uwata ce."

"Wannan ba ya cikin tsarin mulkin ƙungiya."

Na ce masa duk wurin nan babu wanda ba ta yi jika da shi ba ko ta haife shi, har shi Shugaban. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai yi makaranta ba. Ya ce, "Akwai tsofaffi, akwai manya. Da tsofaffi muke nufi da mun ce tsofaffi, ai Hausa ba ta yi ƙarancin kalmomi ba. Ka yi tunani mana. In ruwa ya ci shugabanni, wa zai yi wa jama'a jaje?"

Kun ji fa. Ni duk zamana a duniya wannan hikimar ba ta taɓa faɗo mini ba.

Haka muka tsaya manya na wucewa. Shugaba ya shiga. Mataimaki na Ɗaya, Mataimaki na Biyu, Mataimaki na Musamman ga Mataimaki na Biyu. Ma'aji da jakarsa. Mai Magana da Yawu, da mai riƙe masa waya. Babu wanda furfurarsa ta kai a ƙirga a cikinsu, wani ma da gudu ya haye yana tsallake matakala. Gurbin da aka tanada a bas don keken marasa lafiya kuwa, nan aka kwantar da lasifika da teburin jawabi, aka ɗaure su da bel kada su ji ciwo.

Ana cikin haka Kawu ya gaji da tsayuwa. Ya tattara hannun riga ya saɓa a kafaɗa, ya nufi ƙofa da tafiyar ƙasaita, don shi a saninsa motar 'yan ɗaurin aure ce. Sakatare ya ga shadda, ya shaƙi turare, nan take ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, daga wace ma'aikata?"

"Madalla."

"A ba Alhaji hanya!"

Kujerar gaba aka ba shi, kusa da Shugaba. Na yi ihu na ce kawuna ne, ba ya ji, maganinsa na wurina. Sakatare ya ce, "Haka kuke, kowa ya ga babban mutum sai ya ce kawunsa ne." Ya ce mu kwantar da hankali, bas za ta dawo sawu na biyu. Ƙofa ta rufe. Kawu ya ɗago mana hannu ta taga kamar mai zuwa Hajji.

Muka jira. Sauran jama'a suka fara zamewa, mai aboki a bene ya kira abokinsa, mai kuɗin tasi ya tare tasi. Na kira Sakatare, waya a kashe. Na leƙa zauren wasap, an kulle, shugabanni kaɗai ke iya magana. Can sai ga saƙo: rukunin farko ya isa lafiya, ana zaman nazari a kan rukuni na biyu. Har da hoto. Wurin mai tsayin ashe ɗakin cin abinci ne a saman wani otal, ga Kawu a tsakiya riƙe da cinyar kaza.

Ɗigon farko ya faɗo a kan gwiwar Inna. Ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Kada ka mayar da ni ɗakin can." Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan zaga in huce.

Sai ga akori-kura ta ci burki a gabanmu. Aruna ne maƙwabcina, mutumin Kumasi, mai jigilar kayan lambu daga gonakin Umm Salal. Ya taɓa neman shiga ƙungiyarmu aka ce shi ba ɗan gida ba ne. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kuma ba ta da doguwar gaisuwa.

"Tsohuwa yana jiƙa, kai kana danna waya? Yalla, ɗauko shi!"

Babu jawabi, babu gabatar da manyan baƙi. Inna a kujerar gaba, ni da Haulat da goyonta a ta baya mun rungumi kwalayen kokwamba, keken guragu a bayan mota cikin tumatir. Ya ce yayarsa Fuseina na zaune a bene a Umm Salal, khalas, magana ta ƙare, can za mu. Kafin mu isa ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ko gaban mota ba a gani sosai. Inna ta rufe ido tana jan carbi, Aruna na ba ta labarin farashin albasa don ya ɗauke mata hankali.

Benen ba shi da lif. Na durƙusa aka ɗora mini ita a baya. Rashin nauyinta ya tsorata ni fiye da ruwan, matar da ta yi noma ta ciyar da mu ta koma kamar ƙunshin wanki. Ina hawa ina haki, ta ce a kunnena, "A hankali, kai ma ba yaro ba ne." Fuseina ta tarbe ta da busasshen zani da koko mai zafi, ba ta ma tambayi sunanmu ba sai da Inna ta daina rawar sanyi.

Guguwar dai ba ta zo ba, ta yi gaba abinta, jelar ce kawai ta shafe mu. Amma jiya da safe da na buɗe ɗakinmu, katifar da Inna ke kwana a kai tana ƙarƙashin ruwa, filon ya tafi yawo bakin ƙofa. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin.

Da hantsi muna shanya kaya a waje, Inna na kekenta tana shan rana, sai ga mota. Kawu ya fito da riga mai ƙyalli a kan babbar riga, an rubuta Uban Kwamiti a baya. Ashe duk ƙudurin da aka kawo a zaman shi ya fara amincewa, suka ce ba su taɓa ganin dattijo mai hangen nesa irinsa ba. Ya ce mini biki ya yi kyau, an ci an sha, sai dai har aka watse ba a nuna ango ba.

Bayansa ga Shugaba da tawagarsa da mai ɗaukar bidiyo. Wai ana haɗa rahoton nasara, ana son muryar wata dattijuwa daga cikin waɗanda aka tseratar. Na buɗe baki, Haulat ta taka mini ƙafa. Shugaba ya tsuguna gefen keken, ya dafa shi da hannu ɗaya, ya juyo da fuska wajen kyamara.

"Inna, a sa wa kwamiti albarka."

Ta ƙare masa kallo. "Ɗan nan, mahaifiyarka na da rai?"

"Tana nan a gida, Inna."

"Tana iya tafiya?"

"Da sanda, sai a hankali."

Inna ta ɗaga hannu biyu, kowa ya ɗaga. Ta ce, "Ya Allah, ranar da ruwa ya zo mata, ka sa wanda ke kusa da ita ba shugaban komai ba ne."

"Amin!" in ji Mai Girma, muryarsa ta fi ta kowa. Ya shafa fuska, hannun ya sauko har gemu, a nan ya tsaya. Bai sake kallon kyamara ba.

Ni ma na ce amin, kuma har zuciyata, don mahaifiyar tasa ba ta yi mini komai ba. Ita haihuwarsa kawai ta yi. Zaɓensa kuwa mu muka yi.