Dutsen da Na Aika Hajiya Ta Sumbata

Ba zan taɓa mantawa da koren nan ba. Tun kafin in gane abin da nake kallo a wayar Mukhtar, koren ne ya fara shiga idona. Ciyawa shimfiɗe kamar sabon kafet, itatuwa jiƙe sharkaf, sai wani tsohon gini na dutse ya miƙe a tsakiya, ganye ya nannaɗe shi har wuya. A gindinsa wani Bature ya riƙe hannun matarsa suna kallon sama. Muna zaune ne a benci a ƙofar gidanmu a Samaru bayan la'asar, masu Keke suna ta zuba hon a titi, amma wallahi ni na bar Zariya.

Ya kamata in faɗa muku ko ni wace ce a lokacin. Ni ce yarinyar nan da ta tashi da littattafan soyayya na haya, ina ɓoye su a tsakiyar littafin lissafi. Har na gama jami'a ban warke ba. Ina rubuta wa Mukhtar saƙo in kira shi fitilar ruhina, shi kuma ya amsa da "To, madalla." Shagon kayan lantarki gare shi a PZ, mutum ne mai haƙuri da ƙarancin magana, kuma da gaske yake sona. Manyansa sun riga sun zo gaisuwa gidanmu. Sa rana kawai ya rage, sa ranar kuma tana jiran mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ke koyar da matan aure a wata Islamiyya a Dogarawa. Ba ta ƙi ni ba, ba ta kuma ce tana so na ba. Abin da aka ce ta faɗa shi ne, "Yarinyar tana da kunya, amma kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa."

To yayar Mukhtar, Anti Rabi, nas ce a Ingila. Ta daɗe tana tanadin ta kai mahaifiyarsu hutu a irin manyan jiragen ruwan nan masu kama da unguwa guda, waɗanda ke tsayawa gari-gari a sauka a sha iska a dawo. Ɗaya daga cikin wuraren tsayawar wata tasha ce kusa da birnin Kok a ƙasar Ayalan, yini ɗaya tak, kuma tun kafin tafiya ake so kowa ya faɗi inda zai je. Anti Rabi aiki ya sha mata kai, ta turo wa Mukhtar ta ce ya tambayi Mama. Mama ta ce duk wanda suka zaɓa. Shi kuma bawan Allah sai dabara ta zo masa.

"Ke za ki zaɓa," in ji shi. "In ta je ta ji daɗi, sai in ce mata ai ke ce. Kin ga shi ke nan."

Ya nuna min tsare-tsaren yawon ɗaya bayan ɗaya. Akwai na shiga bas a zagaya gari ana zaune, a tsaya a wata kasuwa mai rufi, a sha shayi, a dawo. Akwai na shiga ƙaramin kwale-kwale zuwa wani tsibiri. Mutum ma yana iya zamansa a jirgi ya huta. Sai kuma na tsohon gidan sarautar nan mai kore, wato ginin dutsen da na gani a hoto.

"Ni da na ce bas ɗin," in ji Mukhtar. "Mama tana son kasuwa. Ga kuma gwiwarta."

"Kasuwa?" na ce, har da dafe ƙirji. "Mutum ya ƙetare teku don ya je kasuwa? Ta Sabon Gari ta ƙone ne?"

Na karɓi wayar na karanta bayanin. Aka ce a can ƙololuwar ginin akwai wani dutse da mutane ke zuwa daga ko'ina a duniya su sumbata. Jama'a, kalmar sumba kawai na gani zuciyata ta narke. Ban tsaya na tambayi yaya ake hawa ba, ko yaya ake sumbar, ko ma me ya haɗa malamar Islamiyya da sumbatar dutse. (Ni da na yi saukar Alƙur'ani, a ce wannan bai faɗo min ba!) Abin da nake gani kawai ni ce a saman nan cikin doguwar riga ruwan hoda, iska tana kaɗa mayafina, Mukhtar yana faɗa min wata magana wadda ta fi "madalla" tsawo.

"Wannan," na ce. "In Mama ta tsaya a nan, za ta ji ta koma budurwa."

Ya dube ni, ya dubi hoton. "Kin tabbata?"

Na ce ban taɓa tabbata da komai irin wannan ba.

Duk tsawon tafiyar Hajiya ina cikin mafarki. Har na tsara yadda za ta dawo ta kamo hannuna a gaban mutane ta ce, "Wannan ba suruka ba ce, 'ya ce." Na ma tanadi hawayen da zan zubar, kaɗan, waɗanda ba za su ɓata kwalli ba.

Da suka dawo na tambayi Mukhtar yaya, sai ya ce, "Sun dawo lafiya." Na ce gidan sarautar fa? Ya ce, "An je." Ranar da za mu je sannu da zuwa ni da Gwaggona, ƙanwar babana, ya kira ni da safe.

"Don Allah in kin je, gaisuwa kawai. Kada ki ce komai."

Na yi murmushi ni kaɗai. Na ce wato so yake ya yi min bazata a gaban jama'a. (Kun ga irin kan da nake ɗauke da shi.)

Muka tarar da falon cike da mata, yawanci ɗalibanta da maƙwabta. Hajiya tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan matashi, falon duk warin man zafi. Na ce gajiyar hanya ce. Na durƙusa na gaishe ta, na koma bayan Gwaggo na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Aka yi ta hira. Girman jirgi, yawan abinci marar yaji, yadda ta yi ta neman alƙibla jirgi yana juyawa, wata tsohuwar Baturiya da ta liƙe mata tana son koyon ɗaurin ɗankwali. Aka yi dariya. Ina ta jira a zo Ayalan, ba a zo ba. Hira ta fara komawa kan tsadar gas. Sai na ji kamar ana sace min abina a gaban idona.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Mama, yaya kika ga gidan sarautar nan na Ayalan? Ai ni na zaɓar miki." Da ma a nan na tsaya. Sai na ƙara da cewa, "Na san wuri ne da zuciya ke samun abin da ta daɗe tana nema."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya.

Hajiya ta juyo a hankali ta dube ni. "Au. Ke ce?" Ta gyaɗa kai. "Mukhtari ya ce min shi ne. Na ce anya, ɗan da na haifa ba shi da wannan basirar."

Wata ta ce, "Malama, me ya faru a can?"

"Ku bari kawai. Na yi niyyar in bar shi a cikina, amma tunda mai abin ta tambaya." Ta gyara ƙafarta da hannu biyu. "Aka sauke mu ana ruwa. Aka ce a hau sama. Matakalar kamar an kifa rijiya, mutum ɗaya take ci, sai murɗewa take yi. Ban yi nisa ba na ce Rabi mu koma. Ta ce Mama ba a komawa, mutane sun cika bayanmu, hanyar sauka daban ce. Ina hawa ina salati, gwiwar nan tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na ce a raina, ko mene ne a saman nan lallai abin kirki ne, tunda ga tsofaffi irina suna ta haƙilo."

"Allah sarki, Malama."

"Muka fito sama, iska tana neman tafiya da hijabina. Sai na ga mutum kwance rigingine a ƙasa, kansa ya leƙa wani rami, wani ƙato yana riƙe da ƙugunsa, shi kuma yana ta miƙa baki. Na ce Rabi, farfaɗiya ce? Ta ce a'a Mama, dutse yake sumbata. Wai duk wanda ya sumbace shi zai iya magana."

"A'uzu billahi!"

"Ban gama a'uziyyar ba layi ya zo kaina. Ƙaton nan ya yi min murmushi, yana bubbuga shimfiɗar da hannu, wai in zo in kwanta ya riƙe ni." Ta dafa ƙirji. "Ni! Dutse ɗaya na sani a duniya da ake sumbata. Shi ma da na je Makka turereniya ba ta bar ni na kai ba, daga nesa na ɗaga masa hannu. Sai in zo in fara da na Ayalan?"

Falon ya fashe. Wata har da faɗuwa a kan kafaɗar ta kusa da ita. Wata tsohuwa mai goro a baki ta nuna ni da haɓa ta ce, "Dutsen iya magana? Ita wannan da alama ta riga ta sumbato."

A littattafan da na karanta, a irin wannan wurin jaruma suma take yi, a yayyafa mata ruwa, kowa ya ji tausayinta. Na rufe ido na jira sumar. Ba ta zo ba. Ina nan garau, ina jin komai.

Hajiya ta ci gaba, yanzu ba dariya. Saukowar ta fi hawan wuya. Da ƙyar aka kai ta mota. Sauran kwanakin tafiyar duk a ɗaki ta yi su da ƙafa a sama, garuruwan da suka rage ta taga ta gan su, Anti Rabi tana zaune gefenta tana ba ta haƙuri tana kuka. Waɗanda suka bi bas kuwa sun dawo a bushe, da ledojin kasuwa a hannu.

Na ce, "Mama, wallahi a hoto yana da kyau."

"Yana da kyau," in ji ta. "Ni ma na ga kyan, da na samu numfashi." Sannan ta tambaye ni a hankali, ba faɗa ba tsawa, "'Yata, da kina zaɓen nan, kin tuno ni kuwa?"

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da za mu tafi ta sa aka ba ni tsarabata kamar kowa, sabulu da kwalin ganyen shayi. A Keke, muna wuce Kwangila Gwaggo ta juyo kaina. "Yaron nan ya ɗauki laifinki ya ɗora a kansa, ya rufa miki asiri ruf. Ke kuma kika je kika yaye da hannunki, har da waƙa. Wa ya tambaye ki? Wace yarinya ce ke buɗe baki a falon uwar miji tun ba a ɗaura ba?"

Mukhtar ya zo washegari, bai ko zauna ba. "Na ce miki gaisuwa kawai."

Na jira ya yi fushi, ko ya ce zai yaƙi duniya saboda ni. Bai yi ko ɗaya ba. Ba wanda ya ce an fasa. Cewa aka yi a bari Hajiya ta ji sauƙin ƙafa kafin a sa rana. Ƙafar ba ta yi sauƙi ba. Zuwansa ya koma sati-sati, ya koma sai an yi sallah, saƙonnina masu tsawo suka daina samun ko "madalla". Wata rana ƙawata ta ce ta ga katin bikinsa, da 'yar wata ɗalibar Hajiya. Na yi kuka irin na gaske, mai majina, wanda ba a rubuta shi a littafi.

Abin da na koya ba shi da yawa. In aka ce in zaɓar wa mutum wani abu, gwiwarsa nake fara dubawa. In kuma aka ce min gaisuwa kawai, to gaisuwa kawai.

Shekaru sun tafi. Ina nan Samaru ina koyarwa a wata firamare. Hajiya kuwa an yi mata aiki a gwiwar, da sanda take tafiya, ta daina zuwa Islamiyya, sai dai matan su same ta a gida. Kwanan baya na shiga Keke daga PZ, wata mata da ban sani ba ta ja ni da hira. Ashe ɗalibarta ce. Ta ce duk wadda ta zauna gaban Malama sai ta ji labarin dutsen Ayalan, da shi take buɗe darasin shirka. A yadda ya iso ga matar nan, Malama har wa'azi ta yi a saman ginin, ƙaton ya sunkuyar da kai.

"Wai wata 'yar Samaru ce ta tura ta," in ji matar, tana gyara ledarta. "Ko wa ya kwashe ta, oho."

Na ce, "Allah ya shirye ta."

Ta ce amin da ƙarfi, har mai Keke ya taya ta.