Ranar da Na Shafa Fatiha Kafin a Ɗaura Aure

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ba ni wakilcin ango ba. Ko na so in manta, mutanen Unguwar Mu'azu ba za su bar ni ba.

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ne. Lokacin ina aikin dare a wata masaƙa a Kakuri, in shiga goman dare in fito shidan safe, in ɗan kishingiɗa, in ɗauki babur in fita acaɓa har la'asar. Barcina bai kai awa huɗu ba. Maimakon in rame, sai na dinga kumbura. Duk sanda barci ya taso min a bakin inji, da abinci nake danne shi: shayi mai kauri, burodi, ƙosai, soyayyiyar doya (wani lokaci duka a zama ɗaya). Nas ɗin masaƙar, Sista Hannatu, ta auna ni ta ce jinina ya hau, wai kuma wanda ba ya barci yunwarsa ba ta ƙarewa, zaƙi da maiƙo kawai jikinsa ke nema. Na ce mata wannan tumbin na rufin asiri ne. Ta ce to Baba, Allah ya ƙara.

Angon Sabi'u ne, ɗan yayana marigayi. Shekara biyu yana neman yarinyar. Baffanta Alhaji Mamman, wanda shi ne waliyyi, bai taɓa ɓoye cewa ba ya so ba, a ganinsa gidanmu babu manya. Da ƙyar ya amince. Sabi'u ya roƙe ni in nemi hutu daren Juma'a. Na ce masa shekara ashirin ina kwana a tsaye, zaman rabin awa ne zai gagare ni?

Ƙarfe sha ɗaya muka zauna a masallaci, gwiwata na gogar ta Alhaji, liman a gabanmu. Aikina ba yawa: in nemi aure, a ba ni, in ce na karɓa, shaidu su shaida, a shafa Fatiha. Amma liman ya fara da doguwar nasiha, ga zafi, ga cinkoso. Na tauna goro. Na mintsini cinyata. Muryar liman ta koma min kamar ƙugin injinan masaƙa.

Daga baya aka gaya min sau uku liman ya ce wakilin ango ya yi magana. Minshari aka samu.

Wani ya zungure ni ta baya. Na buɗe ido na ga masallaci tsit, kowa ni yake kallo. Sai na ɗauka an gama, ni ake jira. Na ɗaga hannu na ce amin da ƙarfi, na shafa, na miƙa wa Alhaji hannu ina cewa Allah ya ba su zaman lafiya. Maroƙin da ke bakin ƙofa yana ganin na shafa ya juya ya shelanta wa na waje cewa aure ya ɗauru. Aka hau rabon goro. Kafin ka ce me, muna jiyo guɗar mata daga gidan amarya.

Alhaji bai karɓi hannuna ba.

"Wa ya ba ka?" ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ni ban ba kowa 'ya ba."

Ya tattare babbar rigarsa ya miƙe. Na yunƙura in tare shi, tumbi ya rinjaye ni, na kife. Da rarrafe na cim masa (mutum mai 'ya'ya bakwai, a gaban jama'a) na kama gefen rigarsa. Ta taga na hango Sabi'u ya ɗora hannu a ka.

"Alhaji, ni na yi barci, ba yaron ba," na ce. "In duka ne, ga ni."

Liman ya matso ya yi masa magana a hankali, cewa unguwa ta riga ta ji, in ya fita yanzu, da yarinyar za a yi ta yawo a baki, ba da ni ba. Sannan Alhaji ya zauna, da sharaɗin in je in wanke fuska, in dawo in nemi auren a tsaye, yadda na waje za su ji. Haka na yi, ruwa na ɗiga daga gemuna. Maroƙi ya sake shela, wannan karon sai da ya tambayi liman sau biyu.

A satin na jingine acaɓar safe, na koma kwanciya daga dawowata aiki har azahar. Cikin 'yan watanni sai da na ƙara ɗaure zariyar wandona, jinin ma ya sauka. Na gane in ba ka ware wa barci lokacinsa ba, shi zai zaɓa da kansa, kuma cikin mutane yake zaɓa.

Auren yana nan lafiya. Alhaji kuwa, har ya bar duniya, ko da la'asar muka haɗu gaisuwarsa ɗaya ce: "Malam, an tashi lafiya?"