Ranar Da Na Sayo Na'urar Wasa Ba Kaset

Ku matso in faɗa muku wani abu, amma kada ya kai kunnen jikokina. Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sayo na'urar wasan talabijin ba, lokacin muna zaune a unguwar Ƙiblatain a Madina, maigidana Malam yana karatu a jami'a.

Ni fa a lokacin an san ni. Ban yi boko ba, Larabcina ma na kasuwa ne, amma in dai ciniki ne, duk matan Hausawan unguwar ni suke turawa. Yadi, tukunya, zinare, sai ka ji an ce, "A bari sai Maman Safiya ta je." Kunnena na jin inda muryar mai kanti ta fara rawa, nan nake kafewa. (Malam kan ce har tausayin 'yan kasuwar Madina yake ji.) Wannan sunan shi ne abin tinƙahona.

To, yarana suka ga na'urar a gidan abokin babansu, suka hana ni sakat. Na nufi wani kanti kusa da Harami. Mai kantin wani dattijo ne ɗan Yaman. Ya buɗe kwali: ga na'ura, ga sanduna biyu na riƙewa, ga wayoyi, sai wata 'yar baƙar roba kamar tafin hannu.

Na taya, ya ƙi. Na yi kamar zan tafi, ya kira ni. Da muka kai inda ya ƙi motsi, sai na yi dabarar da nake yi wa masu kwanuka: a cire abin da ba dole ba, a rage kuɗi. Na nuna robar.

"Wannan ba na so. Cire ta."

"Ya Hajja, wannan ai shi ne sharit."

"Ko ma mene ne. Cire, ka rage."

Ya cire, ya rage, ba gardama. Nan ya kamata in tsaya in yi tunani, don ban taɓa ganin mai kanti ya sauko yana murmushi ba. Har bakin ƙofa ya rako ni yana cewa, "Sai kin dawo, in sha Allahu."

Bayan la'asar na tara mata, na dafa shayi, na fito da dabinon Awali. Har da Hajiya Rabi 'yar Damagaram, maƙwabciyata, wadda ta daɗe tana jira ta ga an cuce ni ko sau ɗaya. Na ba da labarin cinikin sau biyu, har da kwaikwayon muryar dattijon. Sannan na ce wa Safiya, babbar 'yata, ta haɗa.

Ta haɗa, ta kunna. Ba komai a talabijin. Ta zazzage kwalin, ta leƙa ciki.

"Yumma, fen ash-sharit?" (Haka suke, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci.)

"Wane sharit kuma?"

"Kaset ɗin wasan mana. In babu shi ai akwati ne kawai."

Hajiya Rabi ta kurɓi shayi a hankali, ta ce, "To Maman Safiya, a kunna mana rangwamen mu kalla mana." Wallahi har wata mai goyo sai da ta kwanta a darduma don dariya. Ni kuwa na tashi wai zan duba tukunya, alhali ba abin da na ɗora.

Washegari na koma. Dattijon ya ajiye robar a gefe, yana jirana. Kuɗinta ita kaɗai ya fi abin da ya rage mini jiya. Na ce, "Ya Ammi, tsakani da Allah, me ke cikin wannan 'yar aba?"

Ya ce, "Zauna, ya Hajja. Masu ƙera na'urar ba a jikinta suke neman riba ba. Burinsu dai ta shiga gidanki. In ta shiga, yara za su gaji da wasa ɗaya, kuma kowane sabon kaset akwai rabonsu a ciki. Ni ma akwai nawa."

Na biya, kunnena kuwa ya ɗauka. A hanya na tuna gida huɗu ne yaransu ke kukan na'urar nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kunyar jiya tana wuyana, na ce in za su sayi na'urar, kowane gida ya sayi kaset ɗaya tak, kada kowa ya sayi irin na wani, duk ranar Alhamis mu yi musaya. Wasa biyar a kuɗin ɗaya.

Hajiya Rabi ce ta fara kawo kuɗinta, tana cewa, "Ke dai za ki je, ba ni ba." Da dattijon ya gane tsarin, sai ya dafe kai. "Ya Hajja, gara jiya da ba ki sani ba."

Tun daga ranar, in na ga babban kaya da araha, ba kuɗinsa nake fara tambaya ba, sai in tambayi me yake ci. Ku fa, wace na'ura ce yanzu a ɗakinku da kuka samu da sauƙi, kuke ta ciyar da ita har yau?